Gefen Gona: Wace Aya Ce Tamu, Wace Ce Ta Mutanen Da?

Kakar bara, a ƙauyenmu da ke ƙasar Bagwai, ba nisa da madatsar ruwa ta Watari, baffana ya hana kala a gonarsa. Ga wanda ya tashi a birni, kala ita ce tsintar abin da ya saura bayan an gama girbi: zangarniyar dawa da ta faɗa kwarin kunya, gyaɗar da ta maƙale a ƙasa, shinkafar da ta watse a wurin bugu. Tun muna yara mun san masu yin ta. Tsofaffi ne, da matan da mazansu suka rasu, da yaran da gidansu babu rumbu. Ba a gayyatarsu, ba a kuma korarsu.

Bara baffa ya mayar da su. Bai zagi kowa ba. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu shekaru uku da suka wuce ta zo da ƙwaryarta da sassafe, ya tare ta a bakin gona ya ce, "Ki yi haƙuri, bana babu kala." Ta ce, "To, Allah ya kai mu baɗi," ta juya.

Mu Kiristoci ne, daga cikin gidajen Maguzawan da suka karɓi bishara a zamanin kakanninmu, baffa kuma dattijo ne a ikilisiya. Ranar Lahadin wannan makon aka yi godiyar kaka. Baffa ya kawo zakkarsa cif, dami ɗaya cikin kowane goma, ko zangarniya bai rage ba. Mai wa'azi ya karanta Malakai sura 3, inda ake tuhumar mutanen Isra'ila da hana Allah haƙƙinsa na zakka. Baffa yana gaba yana gyaɗa kai. Matar da ya mayar tana can baya cikin 'yan Zumuntar Mata.

Da dare muna zaune a tabarma na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ina da tambaya. Ba a cikin Littafin Firistoci sura 19 aka hana mai gona ya girbe har gefe ba? Ba a nan aka ce abin da ya zuba na matalauci ne da baƙo ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan Shari'ar Musa ce, ta Isra'ila. Mu muna zamanin alheri." Sai ya sa aka ɗauko masa Littafi Mai Tsarki, ya buɗe surar da fitilar waya. "Kai kana maganar aya ta 9. Sauka zuwa ta 19. An hana shuka iri biyu a gona guda. Gobe da safe ka zaga Bagwai duka ka nuna mini gonar da babu wake a tsakanin gero. An hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Duba rigar jikinka. In za ka ɗora mini aya ta 9, sai ka je ka tuge waken uwarka."

Ban sami amsa a daren ba. Gaskiya ce ya faɗa: a sura ɗaya, ayoyi goma tsakani, ga dokar kala, ga dokar biyan ɗan ƙwadago kafin gari ya waye, ga umarnin ƙaunar maƙwabci, ga kuma hana haɗa iri. Babu Kiristan da ke bin su duka, babu kuma wanda ya yarda a zubar da su duka. To, da wane mudu ake aunawa?

Amsar baffa ba daga kansa ya ƙago ta ba, tana da tarihi. Wani malamin Kirista mai suna John Nelson Darby, wanda aka haifa a Landan a 1800, ya yi aikin limanci a Ailan sannan ya bar cocin Ingila, shi ne ya tsara koyarwar da za mu iya kira rarraba zamanai. Jigonta shi ne Allah ya bi da 'yan Adam mataki-mataki, kowane zamani da dokarsa da jarrabawarsa, kuma Isra'ila daban ce, Ikilisiya daban. Abin da aka umarci Isra'ila ba lalle ne ya hau kan mai bin Almasihu ba. Darby ya yi ta zuwa Amurka da Kanada yana koyar da wannan. Wanda ya kai ta gida-gida kuwa shi ne C. I. Scofield, lauyan da ya koma fasto, wanda a 1909 ya fitar da Littafi Mai Tsarki na Turanci mai sharhi a ƙasan kowane shafi. Ya lissafa zamanai bakwai: na rashin laifi a gonar Aidan, na lamiri, na mulkin ɗan Adam bayan ruwan tsufana, na alkawari daga Ibrahim, na Shari'a daga Musa, na alheri wanda muke ciki, sai na mulkin shekara dubu mai zuwa. Makarantu irin su ta Moody a Cikago da ta Dallas, wadda aka kafa a 1924, suka yaye dubban masu wa'azi a kan wannan tsari.

Daga nan ta iso mu. Mishan ɗin SIM ya faro ne a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyu na farkon sun rasu cikin shekara guda, Bingham ya ci gaba. Sai a shekarun 1930 aka buɗe wa mishan ƙofar masarautar Kano, suka kama aikin kutare a Yadakunya, suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943, daga baya aka yi makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, nan kusa da mu. Da yawa daga cikin Turawan sun fito ne daga makarantun da ke karantar da rarraba zamanai. Cocin ECWA da ya fito daga aikinsu a 1954 ya gaji wannan harshe, kuma Byang Kato na Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, a Dallas ya yi digirinsa na dakta. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke tun 1932, saboda haka manomin da ya koyi karatu yana iya buɗe Littafin Firistoci da kansa ya yi tambaya, mai bishara kuma yana da amsa a shirye: wancan zamanin Shari'a ne, wannan zamanin alheri. Baffa bai taɓa jin sunan Darby ba, amma da wuƙarsa yake yanka.

Dole in yi wa wannan koyarwa adalci, domin matsalar da ta zo warwarewa ta gaske ce, kuma ta girmi Darby da ƙarni goma sha takwas. Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labarin taron Urushalima, inda manzanni suka zauna a kan ko wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya ya bi Shari'ar Musa kafin a karɓe shi, suka yanke cewa ba dole ba ne. A ƙarni na biyu wani mai suna Markiyon ya ce a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiyar Roma ta fitar da shi a wajen shekara ta 144. Malaman da suka biyo baya suka kasa Shari'a uku: ta ɗabi'a wadda ba ta tsufa, ta ibadar haikali wadda ta cika, da ta hukuncin ƙasar Isra'ila wadda ta tafi da ƙasar. Kowa yana rabawa. Wanda ya ce shi ba ya rabawa, a tambaye shi yaushe rabonsa da yanka ɗan rago na hadayar ƙonawa.

Mai karatu Musulmi ma ba zai ji maganar baƙuwa ba. Malaman usulul fiƙhu suna da babi a kan shari'ar waɗanda suka gabace mu: idan Alƙur'ani ko hadisi ya ba da labarin wani hukunci na annabawan farko, ya hau kanmu ko bai hau ba? Malikiyya sun karkata ga cewa yana nan matuƙar ba a shafe shi ba, wasu malaman suka saɓa. Ga kuma ilimin nasikhi da mansukhi. Duk addinin da ke da littafi mai dogon tarihi sai ya fuskanci wannan tambaya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma sanin wanda aka yi wa magana da lokacin da aka yi ta rabin fahimta ne.

Abin da ya hana ni barci bayan hirarmu shi ne inda wuƙar ta faɗa. Washegari na koma Malakai sura 3 na karanta daga farko. Ayar zakka ita ce ta 10. Ayoyi biyar kafin ita, a ta 5, Allah yana lissafa waɗanda zai yi shaida a kansu, a ciki har da masu danne ladan ɗan ƙwadago da masu zaluntar gwauruwa da maraya da baƙo. Annabi ɗaya ne, sura ɗaya, mutanen da ake wa magana su ne dai Isra'ila, zamanin kuma na Shari'a. Na girma ina jin aya ta 10 kowace kaka. Ban tuna ranar da aka yi mana wa'azi a kan ta 5 ba. Na duba Maimaitawar Shari'a sura 14, sai na ga zakkar kanta, ta kowace shekara ta uku, a gari ake tara ta domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ashe matar da aka mayar daga bakin gona tana da rabo har a cikin damin da aka kai gaban majami'a.

Wani abin mamaki kuma, da yawa daga manyan malaman rarraba zamanai sun bi ƙa'idarsu har ƙarshe, suka ce zakkar ɗaya bisa goma ma ta Isra'ila ce, Kirista bayarwar son rai aka ce ya yi, kamar yadda Bulus ya koya wa Korintiyawa. Na san masu kare zakka za su ce Ibrahim ya ba Malkisadik tun kafin Musa, don haka ta girmi Shari'a. Ban ƙi ba. Amma tausayin gwauruwa a ranar da Musa ya sauko daga dutse aka fara shi? Gaskiyar magana, zakka ta ƙetare daga Tsohon Alkawari zuwa Bagwai domin tana da mai tsaya mata, akwai wanda ke hawa mumbari ya tuna da ita kowace shekara. Kala ba ta da mai wa'azi. Masu cin moriyarta ba sa zama a taron dattawa.

A wurinmu idan za a yi watanda lokacin Kirsimeti ko Sallah, mahauci yana kasa naman ne bai san kashin da zai faɗo masa ba. Kowa ya ba da alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, sai a kira yaron da bai ga komai ba ya ɗora su a kan kashi-kashi. Kakanninmu sun san hannun mai rabo yana da nauyi ta gefen kansa, ko da mutumin kirki ne. Mai rarraba ayoyi kuwa ya riga ya san kashinsa tun kafin ya ɗaga wuƙa. Mai gona ya san ayar da za ta rage masa buhu. Mai ba da bashi ya san inda aka hana karɓar dutsen niƙa jingina. Wanda ya riƙe gonar wani a jingina shekara ashirin ya san surar da ta ce a shekara ta hamsin ƙasa ta koma ga masu ita. Duk waɗannan sukan faɗa kashin "na mutanen da". Alkawuran albarka da yalwar rumbu kuwa, ko da ga Isra'ila aka yi su baki da baki, sai ka gan su a manne a bayan mota.

Wuƙar ba ta tsaya a Tsohon Alkawari ba. Sharhin Scofield ya koyar da cewa Huɗubar Kan Dutse, Matiyu sura 5 zuwa 7, a ainihin ma'anarta dokar mulki mai zuwa ce, Ikilisiya darasin ɗabi'a kawai take ɗauka daga ciki. Magadansa sun sassauta wannan daga baya. Amma ka lura da abin da ke cikin huɗubar: yafe wa mai mari, ƙaunar maƙiyi, ba mai roƙo. Su ne ayoyin da suka fi kowanne tsada, kuma duk lokacin da rikici ya tashi a Arewa su ne na farko da ake neman a ɗaga zuwa wani zamani. Da na ba wani abokina Musulmi wannan labari, dariya ya yi ya ce, "Ai mu ma kowa ya haddace farkon ayar mata huɗu, sharaɗin adalcin da ke cikinta ne ake mantawa." Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

To mene ne mafita, tunda ba za a tuge wake daga gero ba? Bulus, wanda ya fi kowa nanata cewa mai bi ba ya ƙarƙashin Shari'a, ya nuna wata hanya. A Maimaitawar Shari'a sura 25 akwai dokar da ta hana sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka. A wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa sura 9, Bulus ya ɗauko wannan doka ta dabba ya kafa hujja da ita cewa mai aiki ya cancanci ya ci daga aikinsa. Bai ce mutanen Koranti su je su sayi shanu ba, bai kuma ce zamanin ayar ya wuce ba. Ya tambayi abin da dokar ke karewa, ya kawo shi zamaninsa. Yakubu ma a sura 5 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kuma kukan ya kai ga Ubangiji. Wannan a Sabon Alkawari yake, a tsakiyar zamanin alheri.

Idan muka yi wa kala tambayar Bulus, amsar tana da nauyi. Kala ta bambanta da sadaka. A sadaka kai ne ke zaɓen wanda za ka ba, ka auna, a yi maka godiya. A kala ba ka ba da komai, hannunka kawai kake janyewa. Mai kala tana aiki da guminta, ba ta durƙusa wa kowa ba, ba ta bin kowa godiya. Dokar tana gaya wa mai gona cewa mallakarsa tana da iyaka tun kafin ya kai iyakar gonar. Rut, baƙuwa 'yar Mowab, da kalar sha'ir ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza, ta zama kakar mahaifin Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1. Da Bo'aza ya share gonarsa tas, da wannan layi bai tsaya yadda muka san shi ba. Dokar iri biyu kuwa, wasu masu sharhi sun ɗauke ta alamar keɓe Isra'ila daga sauran al'ummai, kuma wannan shinge shi ne taron Urushalima ya ɗage. In an bar ta babu wanda zai kwana da yunwa. In an bar kala akwai.

Baffa ma yana da tasa hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Gonakin ƙasar Kano sun tsuke, abin da kakanmu ya noma shi kaɗai yanzu gida shida ke rabawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin taki da na huɗa da na ɗauko amfani suka yi sama. Harawa da kara da a da ake barin su a gona yanzu kuɗi ne, masu kiwo na saye. Wasu masu kalar ma ba sa jiran a gama, sukan shiga tun dami yana ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma wanda zai ce mini: in kowa zai ce shi ya san manufar aya, ai mun koma gidan jiya, kowa zai gano manufar da ta yi masa daɗi. Wannan ma gaskiya ne. Ba ni da ƙa'idar da za ta hana son zuciya shiga, kuma ban yi imani akwai ta ba. Abin da nake da shi tambaya biyu ce, irin ta watanda. Wannan rabon da na yi, wa ya ci riba? In kullum ni ne, to a sake duba wuƙar. Sannan, zan iya karanta fassarar tawa a gaban wanda ta hana, ina kallon idonsa? Baffa ya iya gaya mini "zamanin alheri" a kan tabarma. Ban ga alamar zai iya gaya wa matar nan haka a bakin gona ba. Shi ya sa haƙuri ya ba ta, bai kawo mata aya ba.

Kalmar alheri kanta ta isa ta tsayar da mu. A Hausa, mai alheri shi ne wanda ya yi fiye da abin da aka wajabta masa. Yaya za a yi mutumin zamanin doka ya bar gefen gona, mutumin zamanin alheri ya share har ƙwaya? In 'yanci daga Shari'a ya sa na fi Bayahuden zamanin Musa rowa, to wani abu aka sake mini, ba alheri ba.

Ni da nake wannan magana ba ni da gona. Albashi nake ɗauka a Kano, kuma da na auna kaina da mudun da na auna baffa, ban ji daɗi ba. Akwai watan da na jinkirta kuɗin mai yi mana wanki sati biyu, alhali zakkata ta shiga ranar da albashi ya shigo. Ina iya tsayawa ciniki da tsohuwa mai sayar da zogale har sai na kwashe 'yar ribarta, in tafi ina jin na iya kasuwa. Gefen gonata ke nan, kuma na daɗe ina girbe shi har iyaka.

Bana na je gida da kaka. Ban tayar da maganar ba, baffa ma bai tayar ba. Amma na ji yana gaya wa 'yan ƙwadago cewa in an ɗaure harawa an kwashe dami, kada kowa ya koma bi ta kan kunya, kuma kada a saki dabbobi sai bayan kwana uku. Da ya ga ina kallonsa ya ce, "Kada ka ɗauka ka ci gardama. Har gobe ba na ƙarƙashin Shari'ar Musa." Na ce, "Haka ne, Baffa." Washegari da hantsi na hango maƙwabciyarmu da wasu mata biyu a ƙarshen gonar, sun sunkuya, kowace da ƙwaryarta. Allah ya sa mu iya karanta ayar da ke kanmu kamar yadda muke karanta wadda ke ba mu.